Zauren Malam da Hayaƙin Tasha

Shekarar da 'yata ta fari ta kamu da ciwon fuka, mijina ya koma wasan ƙasa. Haka na ɗauki abin a lokacin, haka kuma na faɗa masa ido da ido. Mutum da gemunsa, duba-gari guda wanda mata ke rige-rigen kife tulu in sun hango hularsa, ya dawo daga aiki ya tuɓe kaki ya durƙusa a tsakar gida yana cuɗa yumɓu.

Gidanmu a Illela yana bayan filin da manyan motoci ke jira kafin kwastan su sallame su su tsallaka iyaka zuwa Kwanni. Direbobin ba sa kashe inji, don in ya mutu sai an tara majiya ƙarfi an tura. Sai mota ta wuni tana gurnani, hayaƙin gas ya biyo lungu ya shigo mana ya zauna kamar da shi aka raba gadon gidan. Wanki in na shanya fari, ruwan toka nake kwashewa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cin raina ƙirjin yarinyar. Da la'asar sai ya kama kuka kamar ɗan kyanwa, ta dafa gwiwata tana neman numfashi, idonta a kaina, ni kuwa ba ni da abin ba ta sai ƙwayar asibiti da ruwan ɗumi. Tsoro nake ji sosai. Batun tashi kuma babu shi, domin surukata, Inna, wadda yarinyar ta ci sunanta, ta riga ta ce gawarta kaɗai za a fitar daga gidan.

Ranar da ya fara wasan, na tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Maigida, mi kaka yi haka?"

"Unguwarmu ta," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Ɗiyarka ba ta iya lumfashi, kai kana gina ma tururuwa gidaje?"

Ya ce a wani kwas da aka tura su Sakkwato ya ga an yi irinsa da katako, don a gane ta inda iska ke shiga gari da inda take maƙalewa. A kan wani tsohon ƙyaure ya jera komai: gidanmu, sito na Alhaji mai goro, katangar maƙwabta, lunguna, har da rijiya. Da suka bushe ya sa garwashi da turare a inda motoci ke tsayawa, ya miƙo mini faifai, ya ce ni ce iskar bazara, in zauna ta yamma, wajen Kalmalo, in riƙa fifita.

Ni ban fahimci komai ba. In na fifita da ƙarfi ya ce na yi guguwa, in na sassauta ya ce barci nake. Hayaƙin yau ya bi nan, gobe ya bi can. Na tambaye shi wace mace ce ke zaune a Kalmalo da faifai tana yi wa Illela fifita, ya ci gaba da hura garwashinsa. Amma abu ɗaya ko ni na gani: duk yadda na yi, ƙarshenta hayaƙin a tsakar ɗan gidanmu yake taruwa. Daga nan ya fara ɗauke gine-ginen ɗai-ɗai. Ya ɗauke sito, hayaƙi ya ɗan motsa ya dawo. Ya ɗauke katangar maƙwabta, bai sake zani ba.

Wata la'asar ya ɗaga zauren gidanmu. Hayaƙin ya miƙe ya fice ta lungu kamar an kira shi. Kafin in buɗe baki ya mayar da zauren wurinsa, ya ce hannuna ne ya karkace.

To, a nan kaina ya ɗaure gaba ɗaya. In abin ƙarya ne, me ya sa muke ƙona turarena? In gaskiya ne, me ya sa da ya ba da amsa aka ce laifin hannuna ne? Kwana da kwanaki yana sake ɗauke siton nan da katangar nan, yana kewaye zaure kamar akwai kunama a ciki. Na san dalili, ban dai yarda dalilin ya isa ba. Zauren mahaifinsa ne, marigayi Malam, shi ya gina shi da kansa har ya ci bakin lungun yamma. Buzunsa da littattafansa suna nan yadda ya bar su, kuma kullum da safe Inna ke share shi, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tsintsiyar. Na so in yi magana, amma matar ɗa ba ta cewa a rushe ɗakin uban miji. Na haɗiye, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

Ashe Inna duk tana kallonmu daga ƙofar ɗakinta. Ranar da ciwon ya tashi har leɓen yarinyar ya yi duhu, bayan ya lafa, sai ta dogaro sanda ta zo ta tsaya a gaban ƙyauren. Ta nuna rijiya, ta nuna sito, ta gane kowane gida. Ta ce in fifita.

"Kai, ɗauke," ta ce wa ɗanta.

Ya ɗauke sito.

"Ba wanga ba. Wanda kaka kewayewa."

Ya sunkuyar da kai, hannunsa bai motsa ba. Ita ta duƙa da ƙyar ta ɗaga ɗan zauren. Hayaƙi ya fice. Ta mayar, ta jira ya taru, ta sake ɗagawa, ya sake ficewa. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta.

"Malam ya gama nashi lumfashi," in ji ta. "Takwarata yanzu taf fara nata. A kira magina."

Ranar da aka rushe, mijina ya ƙirƙiro wa kansa aiki a ƙauyen Amarawa. Inna ta kwashe littattafan zuwa ɗakinta, ta zauna tana kallo har aka sauke azara ta ƙarshe, aka kafa zana a wurin don sutura. Da yamma iska ta ratso zanar, na ji ta a wuyana, wannan kam zan iya rantsewa.

Ba a yi mako ba gwamnati ta rufe iyaka. Motocin nan duka suka watse, filin ya koma wurin kiwon awaki. Hayaƙi ya ɗauke daga unguwar baki ɗaya, har gidajen da ba su rushe komai ba. Ƙirjin yarinyar ya yi shiru, ta fara gudu, ta fara ƙiba.

Na yi murna har da kuka, amma ruɗanin da na shiga ya fi na farko. Zauren ne, ko rufe iyakar? Da mun ƙara haƙurin 'yan kwanaki, da ɗakin Malam yana tsaye? Na tambayi mijina, ya ce Allah shi ka sani, ya tashi ya bar mini wurin. Unguwar yumɓun ma ruwan farko ya narkar da ita. Lokacin da aka buɗe iyakar kuma an mayar da motocin bayan gari, don haka babu ranar da za a gwada a gani. Yarinyar yanzu tana da nata 'ya'yan, ni kuwa har yau ban sani ba.

Inna ba ta daina shara ba. Kullum da safe sai ta share filin da zauren yake a da, fili fetal, har inda bangon ya tsaya. Wata safiya ta gama, ta jawo yarinyar ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ɗago ta dube ni, idonta cike da ruwa.

"Kin jiya? Iska ta wurin Malam taka shigowa."

Ta tsaya tana jiran abin da zan ce. Ni da aka sani ba a faɗa in yi shiru, na dubi filin, na dubi tsintsiyar da ke hannunta.

"Haka na, Inna," na ce.