Hannun Gwaggo da Gwandar Tailan

Hoto guda ne ya jawo mana wannan aiki. Kawuna, ƙanen Inna, malamin gona ne a Argungu zamanin muna cikin jihar Sakkwato, sai gwamnati ta tura shi Tailan ya koyo noman shinkafa. Da ya dawo ya zo gaishe mu a gidanmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ya ciro hoton gidan da aka sauke shi can ya miƙa wa Baba. Gidan katako ne, amma ba ka ganin bangonsa don ganye: ga ayaba, ga gwanda, ga furanni har bakin ƙofa. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi tsakar gidanmu, jar ƙasa fetal, daga turmi sai igiyar shanya.

Ya ce, "Da mi mutanen ga sunka hi mu? Hannu huɗu ag gare su?"

Kawu ya bar masa ƙullin irin gwanda, da saiwar ciyawar shayi, da reshen wani farin fure mai ƙamshi naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Bai daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Gusau, muka shekara biyu ba mu sa shi a ido ba.

Baba mutumin Augie ne, a fadama ya girma, sayar da shinkafa ce ta kawo shi Birnin Kebbi. Dokarsa ɗaya ce a gona: duk abin da ya sha ruwa bai ba da ƙwaya ba, ciyawa ne, a tuge shi. Ya sa jakai suka yi ta jido baƙar ƙasa daga fadama, ya zagaye bayan gida da zana, ya sanar wa duk majalisarsu cewa zai ciyar da su gwandar Tailan. Daga nan ya koma kan shinkafarsa. Lambu ya faɗa hannun Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce. Aure uku ta yi, Allah bai ba ta ko ɓari ba, da mijinta na ƙarshe ya rasu a Gulma sai ta dawo gidan ƙanenta. Ta san ɗakin da aka ba ta aro ne, kuma ta san wanda ke zaune cikin aro gara a riƙa ganin amfaninsa. Shi ya sa ta kama lambun nan da hannu biyu. Muddin yana kore, ba wanda zai tambayi me take yi a gidanmu.

Kuma ya yi kore, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Rijiyarmu zurfi gare ta na fitar hankali, ita ke jan guga, ni ke ɗaukar bokiti, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta ƙara lemun tsami da gwaba da na'a-na'a da ɗaɗɗoya, ta kafa lalle a gindin zana. Ciyawar shayi ta yi tuli har maƙwabta na aiko yara a tsinko musu. Farin furen ya hau zana, da la'asar ƙamshinsa har zaure. Amma gwandar ita ce 'yar lele. Guda tara suka tashi, kullum da safe sai Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafa jikinsu, tana tambayarsu yadda suka kwana. Ni kuwa da ke tafe da bokiti wuyana kamar zai karye, ban taɓa samun wannan gaisuwa ba. Abin da nake samu murɗar kunne ne idan na zubar da ruwa a hanya. Na tsani lambun, na tsani Gwaggo, har Tailan ɗin da ban san inda take ba na haɗa na tsana.

Da gwandar ta isa fure, shida suka fitar da nasu manne da jiki, uku kuma suka sako dogayen zangarnu masu ƙananan furanni birjik, zuma na ta shawagi a kansu. Baba ya shigo ya duba, ya ce waɗannan ukun maza ne, ba za su taɓa yin 'ya'ya ba. Ya ce in ɗauko masa adda.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, bar ko guda. Ka ga zuma na son su, ga ƙamshi."

"Yaya, ƙamshi za mu ci? Abin da ba ya haihuwa ba ya shan ruwa gidana."

Ban sani ba ko ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ita dai ta ji. Ta sunkuya ta kama tsince busasshen ganye wanda bai kai a tsince ba. Gwanda ba ta da ƙashi, sara ɗaya-ɗaya ya yi musu, aka jefa wa awaki.

Daga nan matan shida suka shiga ba mu kunya. Su yi fure, su ɗaura ɗa kamar ƙwan kaza, ya yi rawaya, ya faɗo. Aka zuba taki, aka zuba toka, aka buga musu ƙusa, aka karɓo rubutu aka yayyafa, duk a banza. A majalisa kuwa Baba ya zama abin nishaɗi. Da ya zauna sai wani ya ce, "Alhaji, mun wanke hannu tun bara, ina gwandar Tailan?" Baba mutum ne da ya fi jure asara a kan dariya. Ya riƙa shigowa gida fuska a murtuke, yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Ni na samo masa. Wata safiya na tsinke farin furen nan na soka a kitsona, Gwaggo ta kama ni ta zane ni da tsumagiyar lalle. Ina zaune ina huci sai ga wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo roƙon ganyen shayi. Ta tsaya ta dubi 'ya'yan gwanda zube a ƙasa, ta rage murya ta tambayi Inna wa ke ba su ruwa. Ta ce ai a garinsu macen da ba ta taɓa haihuwa ba ba a barinta ta taɓa itacen 'ya'ya, hannunta na ɗaure shi. Inna ta san inda zancen ya nufa, ta ci gaba da aikinta. Ni ce na buɗe baki.

"Gwaggo ta. Kullum da sahe sai ta shahe su duka."

Kada wani ya ce mini yarinta. Na san abin da nake yi, kuma na ji daɗinsa har cikin raina. Kafin magariba magana ta kai kunnen Baba. Washegari ya ɗaura igiya a ƙofar lambu, ya ce daga yau Yaya ta huta. Ba wanda ya tambaya yadda aka yi hannun da ya ɗaure gwanda ya bar lemun tsami yana karya reshe don 'ya'ya. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta riƙa zama a ƙofar ɗakinta tana kallona ina watsa ruwa yadda na ga dama, hannayenta cikin mayafi. Bayan 'yan makonni ta ce tana son komawa Gulma wurin dangin mijinta. Ta faɗa a hankali, ta tsaya, tana jiran a ce ta zauna. Baba ya sa aka auna mata shinkafa, aka sa ta motar Argungu.

Gwanda ta ci gaba da zubar da 'ya'ya. Baba ya ce ai sai a hankali hannun zai sake su.

Ana nan Kawu ya zo hutu. Suka zagaya lambu da Baba, ina biye da su da butar alwala. Kawu ya dubi itatuwan shida, ya waiwaya hagu da dama.

"Alhaji, ina mazan?"

"Na sare su. Cin ruwa kawai su kai."

Kawu ya yi dariya har da dafa zana. Ya ce ai gwandar nan kamar dabino take, mace ba ta riƙe ɗa sai da namiji kusa, zuma ce ke ɗauko garin furensa ta kai mata. Ya ce Badariya kaf ba wata gwanda kusa da mu, da an bar ko guda ɗaya da tuni mun gaji da sha. Da ya ga Baba bai yi dariya ba, sai shi ma ya haɗiye tasa ya wuce alwala. Baba ya juyo ya dube ni.

"Ke, ba ki ji komi ba."

Na ce ban ji ba.

Aka shuka ragowar irin, mazan da suka fito aka bar biyu can ƙarshen zana inda baƙo ba zai lura ba. Shekara na zagayowa matan suka ɗauka, dogaye, cikinsu ja wur, zaƙi kamar an zuba sukari. Baba ya yanka wa majalisa faranti guda. Ina kai musu ruwan wanke hannu na ji yana cewa, "Kun gani? Tun da matar nan tat tashi." Suka yi ta jinjina kai suna tsotsar yatsu.

Cikin makon ya zaɓi babba guda ya ce in bi maƙwabcinmu mai zuwa kasuwar Argungu, in kai wa Gwaggo. Har yau ban san ko zuciyarsa ce ta dame shi ba, ko so yake ta gani da idonta.

Na same ta a Gulma cikin wani ɗan ɗaki a bayan gidan mutane, tana surfen shinkafar wasu. Ta rame. Ta rungume ni, ta shiga tambayata lemun tsami, da gwaba, da ko farin furen ya kai saman zana. Na kwance ɗankwalin da na naɗo gwandar na miƙa mata. Sai ta ja da baya, ta mayar da hannayenta duka biyu bayanta.

"Aje ƙasa, ɗiyata. Yanka da kanki, ki kwashe irin tukuna. Kak in taɓa in lalata maku."

Ta daɗe tana kallonta a kan tabarma, sannan ta ce, "Ashe Alhaji gaskiyatai."

Maganar Kawu na bakina, jimla biyu ce kacal. Ina tsoron Baba, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi riƙe mini harshe shi ne, in na ce ba hannunta ba ne, za ta tambayi wa ya fara cewa hannunta ne. Na ɗauki wuƙa na yanka, na kwashe irin tas na ƙulle a bakin zanena. Sai da ta ga na ƙulle sannan ta karɓi yanki ɗaya ta ci, ta ce kai, mutanen Tailan sun san daɗi.

Ta rako ni har bakin hanya. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe, don damina ba ta fita ba ta rasu. Da mota ta tsaya, ta ce, "Ki gaishe da Alhaji. Ki ce shi yahe mani shekarun da niɓ ɓata mashi."

Na iso gida na tarar da Baba a lambu yana duba mazan nan biyu. Na ba shi irin, na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ya juya ƙullin a hannunsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Na yahe."