Katin Guguwa a Hannuna

Wani ƙaras-ƙaras na ji daga ɗaki ina tsince wake, na ɗauka ɓera ne ya samu buhun gero. Da na leƙa sai na tarar da autana a kan tabarma yana ta cakuɗa katuna, ya raba gida biyu, yana wasa da gefen da babu kowa.

Ɗan maƙwabtanmu a Tudun Wada ne ya koya masa wasan. Kiristoci ne, uban ma'aikacin gwamnati, aka yi masa canjin wurin aiki suka bar Gusau. Tun tafiyarsu yaron nan ya rage magana, abinci ma sai an bi shi da shi. Na ajiye faifan na zauna a gefen da babu kowan. Sai da na tabbatar ba a sa komai a kai, don ban yarda da caca a gidana ba, sannan na ce ya koya mini.

Kowane kati da hoton wata halitta da lambar ƙarfinta. Kowa ya jera nasa, su kara, wanda aka ƙarar wa da halittu an cinye shi. Akwai kuma wani mai hoton guguwa, shi ba ya faɗa. Ɗan Turancina na sakandare ya ishe ni karanta shi: ka nuna halitta ɗaya ta abokin wasa, a fitar da ita daga fili, komai ƙarfinta.

Katin da autan nawa ya fi ji da shi na wani bijimi ne mai ƙahon wuta, gefensa duk ya tsufa. Abokin nasa ne ya bar masa ranar da suka ɗaure kaya. In zai ajiye shi har gyara zama yake yi. Sau da yawa guguwar tana zuwa hannuna, in dubi bijimin, in dubi fuskarsa, in tura ta bayan sauran katunan. Kullum bayan la'asar sai ya cinye ni, ni kuwa ina murna ya dawo yana ba ni labarin makaranta.

Ashe yana lura. Wata Alhamis ya tattara katunan tun ba mu yi nisa ba.

"Inna, guguwa tana hannunki. Na san ta, bayanta ya karce."

"To, ina ruwanka da hannuna?"

"In tausaina kike ji, gara in yi ni ɗaya. Abokina bai taɓa raga min ba."

Washegari bai kira ni ba, haka ma Asabar. Ina jin ƙaras-ƙaras ɗin daga madafa, gidan ya yi mini faɗi. Ran Lahadi na je na zauna da kaina, na ce a raba.

Wasa ya yi nisa, ya gyara zama ya ajiye bijimin. Guguwar na hannuna. Na yi bismilla a zuci, na ɗora ta a kansa.

Ya sa yatsu biyu ya ɗauke bijimin, ya kife shi a gefen tabarma, a hankali. Ganin haka har na buɗe baki zan ce a fasa. Sai ya ja hanci, ya dubi katunan da suka rage masa, ya matso da gwiwoyinsa.

"Kada ki tashi, Inna. Ina da wani abu da ba ki gani ba."