Takardar Ƙofar Bitrus Mai Keke

Shekarar da na dawo daga karatu a Ingila, 1978, aka tura ni aikin gona Malumfashi aka ba ni keke. Keken nan shi ya kai ni shagon Bitrus Atu mai gyaran keke, a bakin hanyar Danja, inda na tarar da mutane sun yi cincirindo a ƙofa, kuma babu mai keke a cikinsu. Wata takarda suke karantawa, an kafa ta da ƙusa, ga fensir an ɗaure da zare yana lilo a gefe.

Bitrus ya tsaya a aji huɗu na makarantar mishan. Gajere ne, kuma bai taɓa yin kokawa ba, don ƙafarsa ta dama ta shanye tun yana ƙarami. Amma duk kaka, idan an gama yankan dawa aka buɗe filin kokawa bayan la'asar, yana nan tsugune a bakin rairayi. Washegari sai ya rubuta abin da ya gani a bayan tsohuwar kalanda: wa ya yi kaye mai kyau, wa ya tsaya jan lokaci, wane makaɗi ya zuga ɗan wasansa har ya ruɗa shi. Fensirin na masu gardama ne. Wani ya rubuta "Ƙarya ne" a ƙasa, wani ya ba shi amsa, har takarda ta cika.

Da Bitrus ya ji inda na fito sai ya ajiye sifana.

"Malam, da gaske ne a can ana kokawa a talabijin, mutum ya faɗi ya tashi a ci gaba?"

Na ce haka ne, sai an danne shi an ƙirga uku.

"To ƙasar me take yi? A nan ƙasa ce alƙali."

Bai kallon fuskar 'yan kokawa, ƙafafu yake kallo. Da an tashi wasa kuma, kafin jama'a su tattake fili, sai ya ja ƙafarsa ya shiga ya duba rairayi. A dokar filin, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa, an ka da shi.

A kakar 1981 Ummaru na Danja ya zo karawa da Mudi, gwarzon Malumfashi. Mudi maƙwabcin Bitrus ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma tun yana saurayi lauje ya cire masa ɗan yatsa a hannun hagu. Sun daɗe a sarƙe, ƙura ta tashi, sai ga Mudi ya ɗaga Ummaru ya nana da ƙasa. Aka ɗauki Mudi a kafaɗa, aka ba shi rago. Ina kallon Bitrus ya shiga fili, ya daɗe a tsugune wuri ɗaya.

Da safe takarda ta fito. Ta ce kayen Mudi shi ne mafi kyau da aka gani a filin nan cikin shekara goma. Ta kuma ce kafin kayen, Mudi ya dafa ƙasa, ga sawun tafi a rairayi mai yatsu huɗu, saboda haka wasan na Ummaru ne.

Kafin azahar an yage ta. Ya sake rubutawa, aka sake yagewa. Sarkin kokawa ya aiko cewa kada a ƙara ganin Bitrus a bakin rairayi. Wannan ne ya dame shi, fiye da masu kekunan da suka koma wani shago, don daga bayan taro gajeren mutum ba abin da zai gani sai keyar mutane.

Matarsa Rahab ta kawo masa abinci ina wurin.

"Baban Roda, sawun hannu ne fa kawai. Iska ma ta share shi. Inna Hansai ko gaisuwata ba ta amsawa, ɗanta ka kunyata."

"Ki gaishe ta duk da haka."

"Kai dai da taurin kai! Mutumin Danja ya san ma kana yi?"

"Ba don shi na rubuta ba. In na bar wannan, duk na baya sun zama hira."

Ya ɗauko wata kalanda ya rubuta ta uku.

Rana ta huɗu Mudi ya zo da kansa, mutane na biye suna jiran faɗa. Bai iya karatu ba, sai ya juyo gare ni.

"Malam, kai ba ka da ɓangare. Karanta mini duka, kada ka tsallake."

Na karanta. Da na zo wurin shekara goma ya ce in maimaita, na maimaita. Da na zo wurin yatsu huɗu ya dubi hannunsa.

"Baba Bitrus, alƙali bai gani ba. Makaɗa ba su gani ba. Wa ya gani?"

"Ni da kai."

"Da ka yi shiru fa?"

"Da ba za ka yarda da maganar shekara goman ba."

Mudi ya yi dariya kaɗan. Ya kama fensirin, ya juya shi, ya sake shi. Sai ya sunkuya ya tsoma tafin hagunsa a kwanon baƙin man da Bitrus ke wanke sarƙar keke, ya manna a ƙasan takardar. Yatsu huɗu.

"Ga tawa amsar. Wanda zai yage, ya fara zuwa wurina."

Ranar kasuwar Danja ya ɗaure ragon a bayan a-kori-kura ya kai wa Ummaru, ya nemi a sake karawa. Sarkin kokawa bai janye maganarsa ba, amma ranar wasan Mudi ya shigo fili riƙe da hannun Bitrus, ya zaunar da shi a bakin rairayi, ba wanda ya tashe shi. Mudi ya yi nasara, hannunsa bai kusanci ƙasa ba. Takardar washegari ta yaba masa a layi biyu, sannan ta ce yana saurin ɗaga diddigen dama, ya gyara.

Bitrus ya ci gaba da rubutu har 1989, lokacin da idonsa ya yi rauni. Takardar mai tafin hannu tana wurin 'yarsa Roda a Funtua, man ya ratsa har ya fito ta gefen watan Nuwamba.