Lambobin Yabon Gwaggo

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da aka zo kwasar lambobin yabon gwaggona ba. Ta yi shekaru tana buga littattafai, daga baya gwamnati ta tura ta jakadanci ƙasar waje. Duk lambar da aka ba ta, gidanmu na Birnin Gwari take aiko da ita. Bayan rasuwarta wata jami'a ta rubuto tana son tattara kayanta a ɗakin adana tarihi. Ni kuwa da karambanina, ina zaune a Kaduna, na amsa musu cewa komai na nan a killace.

Ana gobe za su zo na isa gida. Farantin azurfa na tarar kaji na shan ruwa a ciki. Kofin da marubuta suka ba ta ya zama ma'aunin gero. Lambar wuya kuwa, Baffa, yayan marigayiyar, ya rataya wa ragonsa, wai maganin kambun baka. Yini na yi ina dirza da toka.

Kashegari ma'aikaciyar jami'ar ta iso, ta ratso dajin nan da kowa ke tsoro. Baffa ya zuba babbar riga ya tashi jawabi.

"Ni na ɗauke ta a keke na kai ta makaranta," in ji shi.

Babbar yayar Baffa da marigayiyar ta ɗago kai daga tabarma. "Kai da ka ɓoye mata jaka a rumbu?"

Baƙuwar ta danne dariya, ta ce, "Baba, lambobi sun yi kyau. Amma wasiƙunta da littattafanta muka fi so. Suna ina?"

Sai matar Baffa ta leƙo daga madafa. "Au, takardun akwatin nan? Ai da su nake ƙunshe wa mutane ƙosai. Ba sa jiƙewa da wuri."

Shafi huɗu suka rage, duk mai. Baƙuwar ta ɗauke su da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ni na kasa ɗaga kai, don da safen nan a cikin ɗaya na ci nawa ƙosan, ban ko duba rubutun ba.

Tun ranar na gane alfahari da mutum ba shi da wuya. Sanin abin da ya yi, shi ne aiki, kuma tun yana raye ake farawa.