Bencinan Malam Audi

Malam Audi Maiturare ya fi shekara talatin yana koyar da aikin kafinta a makarantar koyon sana'a ta gwamnati da ke garinmu. Da ya fara, sunanta cibiya, ajinta biyu. Daga baya aka mai da ita kwaleji, aka kawo injin yanka katako wanda wutar garin ba ta taɓa iya tayarwa ba. Sau uku ana sauya mata suna, kowane karo shi ke haɗa sabon allon suna.

Al'adarsa, duk ajin da zai fita ya bar benci guda, a rubuta shekara a ƙarƙashinsa. Katako ba ya wuya a da. Masu zarto na fito da katakon maɗaci ta wajen Dogon Dawa. Yanzu dajin na hannun 'yan bindiga, su kuwa ba sa sayar da katako.

Ana haka ɗalibai bakwai suka kai jarrabawar aikin hannu, wadda ba a ba da takardar shaida sai da ita. Kowa zai haɗa kujera. Malam Audi ya tafi wurin shugaban makaranta, Malam Obed.

"Ranka ya daɗe, katako."

"Mun rubuta, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kawo ni. Wanda na gada ma ya fi ni iya rubutu."

Sai Malam Audi ya ɗauki guduma ya shiga kwance bencinan, ya fara da mafi tsufa. Ɗalibai suka miƙe tsofaffin ƙusoshi. Kujeru bakwai suka cinye benci goma sha ɗaya, 'yan aji ɗaya suka koma zaman tabarma.

Mai duba jarrabawa zai taso daga Kaduna, ya ce yana jiran rakiyar sojoji. Bayan wata guda ya aiko a tura masa hotunan kujerun ta waya. A makon ne aka katse layukan waya a yankin. Da sakamako ya fito, an rubuta cewa ba su zauna jarrabawa ba.

Bilyaminu, babba a cikin ɗaliban, mai mata da ɗa, ya ce, "Malam, yanzu fa?"

"A wurina kun ci."

"Wurinka ana ba da takarda?"

"A'a."

Aka ce su sake baɗi. Biyar suka dawo. Takarda ta zo cewa wannan karon tebur za a haɗa. Bencinan da suka rage ba su kai faɗin tebur ba. Aka ga Malam Audi da abin awo a hannu, yana gwada ƙyauren ɗakin aiki.