Halimatussa'adiyya, Wadda Aka Yi Darasi da Ita

"Ki sa Rut kawai, 'yata, wancan sunan ya yi wa takardar jana'iza tsawo," in ji Rabaran Yunusa, idonsa na kan hoton da za a buga. Ban yi musu ba. Takardarsu ce. Wannan kuwa tawa ce.

Inna Halimatussa'adiyya, kin rasu ranar Talata, takwas ga Yuli, 2025, a asibiti a nan Azare, ana ruwa kamar ba za a ɗauke ba.

Daga wata ruga a bayan Shira kika fito kina budurwa, kika bi Almasihu, kika auri Baba mai bishara. Mahaifinki ya ce a ɗauka kin mutu, dangi suka ɗauka. Ikilisiya ta karɓe ki hannu bibbiyu, ta ba ki suna Rut, ta kuma ba ki aiki: tsayuwa. Duk taron masu bishara, daga Katagum har Itas, in an zo darasin Rut, mutuniyar Mowab da ta bar danginta, sai a ce ki miƙe a gan ki. In akwai baƙi, har zanen saƙi ake sa ki ɗaura. Ana tafi, kina kallon ƙasa. Ba a taɓa tambayarki ko kina da abin cewa ba.

Bishararki a tsakar gida kika yi ta. Matan ruga da suka kawo majinyaci a ɗakinki suke kwana. Ki dama musu fura, ki raka su gaban likita, ki mayar musu da maganarsa cikin Fillanci. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce kina sakin dama, tunda suna ci su tafi ba wa'azi. Sau ɗaya kika amsa masa. Kika ce Bo'aza mai gona ma abinci ya fara ba Rut, bai tsayar da ita gaban masu girbi a kalle ta ba.

Da na je jami'a na karanta labarin da kaina. Ashe Na'omi, uwar mijin Rut, cewa ta yi Rut ta koma gida. Ashe Orfa, ɗaya surukar Na'omi, ta koma, kuma ba wanda ya tsine mata. Wannan ɓangaren ba a kai shi taro.

Mutum ɗaya bai binne ki da ranki ba: ƙanenki, Kawu Sha'aban. Duk ranar kasuwa yakan ajiye miki man shanu ta ƙofar baya, ku gaisa a tsaye. A gadon asibiti abu ɗaya kika roƙe ni, a bar shi ya ga fuskarki kafin a rufe akwati.

Ya zo da safe, ya tsaya a bakin harabar coci da sandarsa. Rabaran ya yi murna ƙwarai. Ya ce haka Allah ya haɗa Karniliyus, bare, da manzo Bitrus, ya ba da gaskiya. Ya ce sai dai Kawu ya shigo lokacin sujada, ya zauna a layin gaba, a buɗe masa akwati, a ɗauki hoto don masu tallafa wa aikin. Na ce ai kina ɗakin baya, ba kowa a wurin, a bar shi ya gan ki can. Kawu ya ce in hoton ya kai ruga, abin da aka yi miki za a yi masa, ga shi da 'ya'ya mata a gida.

"Fuskarta kawai zan gani, Malam, in tafi."

"Ƙofa a buɗe take, Malam Sha'aban. Ta gaba."

Kafinta mai rufe akwati ya jira, ya gaji. Daga inda muke tsaye muka ji bugun ƙusa. Kawu bai tambaye ni ƙarar mece ce ba.

Inna, ban cika miki alkawari ba. Ubangijin da kika bauta wa ya yi miki jinƙai, ya karɓe ki da sunan da ya san ki da shi, ya ba ki wurin zama, kin daɗe a tsaye. Ina yi wa ƙannena ta'aziyya, da matan zumunta da suka yi kukan gaske, da Kawu Sha'aban. Allah ya ba mu haƙuri. Rabaran kuwa, Allah ya sa kada ya samu wata Rut ɗin.

Aka fara waƙa. Na ji ana kiran sunana a lasifika, in zo in karanta tarihinki. Kawu ya miƙo mini ƙullin man shanu, ya ce har ya shigo gari bai lura ya ɗauko ba. Na karɓa. Mai gadi ya tambaye ni ko shiga zan yi. Na ce ya rufe. Ya ja ƙofar, ya sa sakata, na bi Kawu zuwa tasha.