Fentin Ƙofa a Jikin Inji

Mijina mai fentin inji ne. Ba fentin jikin mota ba, wancan aikin wasu ne. Idan makanikai sun sauke inji, sun gyara, sun ɗaure, sai a turo masa shi a baro ya yi masa fenti kafin a mayar cikin mota. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a wata rumfar kwano can ƙarshen gareji, tsakanin mai walda da mai gyaran lagireto. Ba wanda yake kiran sunansa a wurin. Mai Kore ake ce masa.

Ba kyakkyawa ba ne, kuma ba shi da hira. Ko ya yi wanka sau uku warin tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, yana biye da shi. Abin da ya sa na zauna da shi, ba ya ƙarya. Ba wai ya fi kowa tsoron Allah ba ne, kawai dai bai iya ta ba.

Wanda bai san aikin ba yana ɗauka fenti fenti ne. Wanda ake shafa wa ƙofa ko taga, idan ka shafa wa inji, ranar farko ya fi kowane ƙyalli. Da an yi tafiyar awa biyu sai ya yi bororo, ya yi hayaƙi, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Na inji daban yake. A jikin gwangwanin ake rubuta yawan zafin da zai iya ɗauka, da ko yana jure fetur da baƙin mai. Malam bai yi boko ba, ni kuwa na gama sakandare, saboda haka tare muke zuwa shagon fenti. Shi ya girgiza gwangwani ya ji kaurinsa, ni in karanta.

"Malama, me suka ce?"

"Sun ce ka ajiye. Wannan ko tukunyar shayi ba zai riƙe ba."

Sai ya ajiye, mai shago yana harara ta.

Kafin fenti ya taɓa inji sai Malam ya kwana biyu yana wanke shi. Kananzir, burushin waya, ruwan zafi da sabulu, sannan rana. Bayan nan yana da wani abu da yake yi wanda ba kowa yake yi ba. Zai jiƙa jikin injin da kananzir, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli, ya koma ya zauna. Idan akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana baƙin layi a kan allin. Da ya ga layi, shi ke nan.

"Ku ɗauki kayanku. Ba na rufe wannan."

An yi masa magiya, an zage shi, an haɗa shi da shugaban gareji. Bai taɓa rufewa ba. Wanda ya wuce gwajin alli kuwa sai ya fesa masa shafi uku sirara, in an ɗora a mota ya sa a tayar minti goma, a kashe ya huce, a sake tayarwa minti ashirin, a kashe, sannan rabin awa. Ya ce zafin ne yake gasa fentin ya kama ƙarfe.

Launin kuma ba da gangan aka zaɓe shi ba. Farkon aurenmu baƙin fenti ya yanke a shago, ya haɗa shuɗi da rawaya da ɗan baƙin da ya rage masa, sai ga wani kore mai duhu kamar na kwalba. Ya yi masa, ya riƙe. Da gwangwanin madara yake awo, ni na rubuta awon a bangon tsohon littafina na lissafi, na ajiye a akwati. A hankali direbobi suka gane: injin da ke da wannan koren, an wanke shi, an gwada shi, ba tsaga. Mutum zai ɗaga bonet, ya ga koren, ya rufe, ba tambaya. Wasu sun gwada kwaikwayo, nasu ya fito ko dai kamar ganye ko kamar kakin soja. Ba mu tara komai ba a duniya. Wannan koren shi ne abin da yake da shi.

Sai ƙanena, Auta. Shekararsa shida uwarmu ta rasu, a ɗakina ya girma, da hannuna na cire masa ƙaya da kwarkwata. A lokacin da nake ba da labari ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya huɗu da shagon tsofaffin injina a kasuwar kayan mota. Bakinsa zai iya sayar maka da takalminka yana ƙafarka. Yakan kawo wa Malam injina, a cikin biyar a mayar masa da biyu.

"Haba mijin Yaya, wannan ɗan layin? Ai gashi ne ya faɗo daga gemunka."

"To tsince shi."

"Kai dai ba ka son in yi arziki, kada in ƙara wa Yaya kuɗin zani ta raina ka."

"Ta riga ta raina ni. Ɗauki kayanka."

Su yi dariya, ya ɗauka. Ni ina ganin wasa ne irin nasu.

Wata ranar Talata da hantsi Auta ya zo gida, Malam yana gareji. Ya zauna a kan tabarma ya ci abinci, ya yaba miya, ya tambayi ciwon gwiwata. Can ya ce yana son ya yi wa ƙofar shagonsa fenti da irin koren nan, don duk wanda ya wuce ya san surukin wa yake. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na buɗe akwati na ɗauko littafin, ya ɗauki hoton bangon da wayarsa. Kuma don a san irin wautar da na yi, har da ƙari na yi masa.

"Kada ka ɓata kuɗinka a kan na inji. Ƙofa ba ta zafi. Sayi na ƙofa, ka bi awon nan, launin zai fito iri ɗaya sak."

"Allah ya bar mana ke, Yaya."

Wata huɗu bayan nan na kai wa Malam abincin rana, na tarar da taro a bakin rumfarsa. An jawo wata bas da igiya, bonet a ɗage, direban yana tsaye ba hula, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Kai ne Mai Kore? Zo ka ga aikinka! Sati uku da ɗora shi. Da fasinja goma sha takwas ya tsaya mini a daji, har da mai ciki. Ko duba injin ban sa an yi mini da kyau ba da zan saya, koren na gani!"

Malam ya matsa kusa da injin. Ya sunkuya, ya sa farcen babban yatsa ya kankara. Fentin ya biyo shi zare guda. Ya kai hanci ya shinshina. A ƙarƙashi akwai tsohon baƙin mai da ko wanke shi ba a yi ba, sannan wani farin ƙullu irin wanda masu gyaran bodi suke cike lotsawa da shi. Ya ɓantare ƙullun da sukurdireba. Ga tsaga nan, ta taso daga kusa da kan injin ta karkata hagu.

"Na san wannan layin," in ji shi. "Ni na mayar da injin nan. A ina ka saya?"

Direban ya kwatanta shagon. Layi na uku, kusa da mai taya, wani mai fara'a. Mai walda ya dube ni ya sunkuyar da kai. Malam bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya karɓi kwanon abincin daga hannuna ya ajiye a kan benci, ya ce wa direban, "Launina ne. Ba hannuna ba ne." Direban ya ce shi launi ya saya.

Daga nan ban koma gida ba, kasuwa na wuce. Ƙofar shagon Auta tana nan da tsatsarta, ko ɗigon fenti babu. A ciki kuwa injina tara a jere a kan katako, kowanne kore shar, suna ƙyalli. Yana ciniki da wasu mutum biyu. Da ya gan ni ya taso da murmushi.

"A'a, Yaya da kanta! A kawo kujera."

"Ina ƙofar da ka ce?"

Ya ja ni gefe, ya rage murya. "Yaya, launi na wani ne? Na taɓa ce wa wani Mai Kore ne ya yi? Kowa idonsa ya saya masa. Shekara nawa mijinki yana mayar mini da kaya ina kallo? 'Ya'yana alli za su ci?" Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ai ke kika ce na ƙofa ma zai yi."

Wannan ce ta shige ni. Na kwance makullin ɗakina daga bakin zani, na bi injinan ɗaya bayan ɗaya ina ja musu layi. Fentin yana tashi kamar ana feƙe fensir. A huɗu daga ciki farin ƙullu ya leƙo.

"Yaya! A gaban mutane?"

"A gaban mutane ka jera su."

Mutanen biyu suka kalli juna suka fice. Ni ma na fice. Tun ranar bai sake taka gidana ba, ni ma ban aika a kira shi ba. 'Yan'uwa sun yi ta zarya, wai in yi haƙuri, jini ɗaya ne. Na ce na sani, ni na wanke jinin duk lokacin da ya faɗi ya fasa gwiwa.

Washegarin ranar da na je kasuwar, da safe, Malam yana ɗaura takalmi, na faɗa masa ni na ba da awon, kuma ni na ba da shawarar na ƙofa.

"Na sani," in ji shi. "Mu biyu kaɗai muka san awon."

"To me ya hana ka tambaya?"

"In na tambaya za ki faɗa mini. Ni kuma jiya ba ni da inda zan ajiye amsar a raina."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Layin da na ja bai gyara komai ba. Hoton ya riga ya fita daga wayar Auta zuwa ta abokinsa, daga nan zuwa ta wani. Kafin shekara ta ƙare rabin kasuwar ta zama kore. Motoci bakwai aka jawo bakin rumfar Malam, kowanne da zaginsa. Har wata magana ta fito a tasha, wai in ka ga koren inji ka riƙe aljihunka. Waɗanda ya yi wa aiki na gaskiya ma suka fara zuwa suna roƙon ya canza musu launi, don ba sa iya sayar da motocinsu. Da hannunsa ya kankare su.

Yanzu ruwan toka yake yi, kai tsaye daga gwangwani, irin na kowa. Ana dai ce masa Mai Kore, shi kuma yana amsawa. Yana nan yana wankewa kwana biyu, yana barbaɗa allinsa.

Makon jiya ina zaune a bencinsa wani saurayin direba ya zo karɓar mota. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sa farce ya kankara.

"Baba, wannan zai riƙe kuwa? Kada fa ka yi mini irin na 'yan koren nan."

Mai walda ya ɗago zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa yaron ya tayar da motar, ya taka ta. Suka tsaya su biyu a kan injin, cikin rana, yana ruri, zafi yana dukan fuskokinsu. Mutum mai shekara sittin da bakwai, hannunsa a baya, yana jira wani sa'an ɗan cikinsa ya gamsu. Sai da aka yi minti arba'in yaron ya sake duba fentin, ya ce to ba laifi, zai dai gani in ya yi doguwar tafiya.